Harshen Azurfa Da Tarihin Ƙasar Zuru

Mutanen Amurka suna da wani wasan kwaikwayo na ban dariya wanda su ke kira The Simpsons. Zane ne a ke yi, a jera shi ɗaya bayan ɗaya, a gudanad da shi da sauri har ido ya ga kamar yana motsi, sa'an nan a sa masa muryoyin mutane. Irin wannan shi yara ke kira katun. An soma nuna shi a talabijin cikin watan Disamba na 1989. Labarin wani magidanci ne rago mai yawan ci, wai shi Homer Simpson, da matarsa da 'ya'yansu uku, a wani gari na ƙage mai suna Springfield. In babba ya ji an ce katun sai ya taɓe baki, ya ce aikin yara ne. To, amma ran 18 ga Fabrairu 1996 an nuna wani kashi nasa wanda ya taɓo maganar da ta fi ƙarfin yara. Maganar kuwa ta shafi Ribah, ta shafi Zuru, ta shafi kowane gari da ke da dattijo mai ba da labarin kaka da kakanni.

Ga yadda labarin ya ke. Springfield zai cika shekara 200 da kafuwa, gari duk ya ɗauki shirin biki. Wanda ya kafa garin, Jebediah Springfield, gunkinsa na nan tsaye a dandali, yara na haddace labarin jaruntakarsa a makaranta, wai har ɓauna ya hore ya hau. Homer aka ba aikin sankira, ya riƙa yawo da ƙararrawa yana shela. 'Yarsa Lisa, mai shekara takwas, ta tafi gidan ajiye kayan tarihi na garin don ta samo abin da za ta rubuta. Mai kula da gidan, wani dattijo wai shi Hollis Hurlbut, ya nuna mata sarewar Jebediah. Ko da ta gwada busawa sai ga takarda daga ciki, rubutun Jebediah da hannunsa. Ashe sunansa na gaskiya Hans Sprungfeld, ɗan fashin teku ne mai kisan kai, har ya taɓa neman kashe Joj Washinton, wanda ya zama shugaban Amurka na fari. A wani faɗa aka cije masa harshe, ya sa aka ƙera masa na azurfa.

Yarinya ta fito da magana, gari ya taso mata. Malamarta ta kayar da ita a rubutun, mai gidan tarihi ya kore ta, ba wanda ya gaskata ta sai ubanta. Aka matsa har aka tone kabarin, aka buɗe akwatin gawa, ba a ga harshen azurfa ba. Aka tuɓe Homer daga sankiranci. Daga baya Lisa ta gane takardar nan yanki ce da aka yage daga wani sanannen hoton Washinton, ta koma ta tsare mai gidan tarihi, ya rasa ta cewa, ya amsa shi ya zare harshen daga akwati ya ɓoye. Suka ruga wurin biki don a faɗa wa jama'a. Ta hau dandamali, aka yi tsit, ta dubi fuskokin mutane suna murna, sai ta haɗiye maganarta, ta yabi Jebediah, ta sauka. Hujjarta wai labarin ƙaryar ma yana da amfaninsa, tun da yana fito da halin kirki na mutanen gari.

Masu wasan sun tsara shi yadda mai kallo zai tashi yana yaba wa yarinyar nan, ya ce ga hankali, ga hangen nesa. Ba ta cancanci wannan yabo ba, kuma duk wanda ya ɗauki hukuncinta ya kawo shi ƙasar Zuru ya kawo cuta.

A duba wasan kansa tukuna. Wane halin kirki ne ƙaryar ta fito da shi? Sau ɗaya tak aka jarraba mutanen Springfield, watau ranar da ƙaramar yarinya ta zo musu da shaida a hannu, sai suka yi mata ca, suka wulakanta ubanta. Halin da ƙaryar ta koya musu ke nan. Murnar ranar biki kuwa ba abin a-zo-a-gani ba ce, ko ina aka buga ganga aka dafa abinci mutane za su yi fara'a. Sa'an nan a dubi wanda ya ci ribar shirun. Mutumin da aka danƙa wa amanar tarihin gari ya sa hannu cikin kabari ya saci shaida, ya koma kujerarsa lafiya lau. Malamar da ta kayar da mai gaskiya tana nan tana ganin ita ke da gaskiya. Yaron da zai sake busa sarewar nan baɗi, abin da aka yi wa Lisa shi za a yi masa.

Wannan ma duk mai sauƙi ne, gama Springfield garin takarda ne. Ba wanda ke gadon sarauta daga Jebediah, ba gonar da za a ƙwace da sunansa. A ƙasar nan kuwa tarihi shaida ne gaban hukuma. Da shi a ke cewa gidan wane ke da sarauta, gidan wane barori ne. Da shi a ke jan iyaka tsakanin gunduma da gunduma, da shi a ke cewa wannan ɗan ƙasa ne, wancan baƙo ne ko da an haifi kakansa a nan, alhali takardar shaidar zama ɗan ƙaramar hukuma ita ke buɗe ƙofar makaranta da ta aikin Gwamnati da ta soja. Labari ɗaya mai daɗi a bakin wani gida ya kan zama igiya a wuyan wani gidan.

Wanda ya san aikin ofishin En'e ya san yadda yawancin abin da a ke kira tarihin gunduma ya shiga takarda. Di'o ya fito rangadi, babban abin da ke gabansa ƙidayar masu biyan haraji. Ya sauka bariki, a tara masa hakimi da dagatai da 'yan tsofaffin da hakimi ya ga dama ya kira. Ya yi tambaya, tafinta ya juya ta Hausa, wani ya sake juya ta harshen mutanen wurin, amsa kuma ta biyo wannan doguwar hanya ta komo, kowa ya rage abin da bai gane ba, ya ƙara abin da ya ke so. Kafin la'asar an cika shafi uku. Akawu ya buga da tafireta, a aika wa Razdan, a sa cikin fayil. Yau irin fayilolin nan suna gidan ajiye takardun Gwamnati a Kaduna, in rigimar sarauta ta tashi sai a ɗauko su kamar an ɗauko wahayi. Wanda ya zauna kusa da hakimi ran nan ya zama shi ne kakansa ya sari gari har abada. Wanda ya tafi gona, ko wadda ta ke mace ba a kira ta ba, sun shafe. Ƙasar Zuru kuwa ta sha wannan fiye da wasu, don an yi ta kai ta ana komowa da ita tsakanin lardin Sakkwato da mulkin Kwantagora, sa'an nan ta shiga Jihar Sakkwato a 1976, ta koma Jihar Kebbi a 1991. Kowane sabon ofis da irin tambayar da ya ke yi, da irin amsar da masu wayo suka san yana so.

Ba a ce a ƙone takardun nan ba, ko kusa. Abin da wani jami'in mulki, P. G. Harris, ya buga a kan Dakarkari a 1938 yana da amfani ƙwarai, don ya ga abubuwa da idonsa waɗanda yanzu babu su. Sai dai a karanta shi kamar yadda alƙali ke sauraron mai shaida, yana tambaya: wa ya gaya masa, da wane harshe, me mai faɗin ke nema?

A ɗauki sunan mutanen kansu. Su dai Lelna su ke kiran kansu, harshensu C'Lela. Dakarkari sunan da Hausawa suka ba su ne, kuma ga labarin da a ke yawan bayarwa, wai asalinsu dakarun Kanta ne, Sarkin Kabi, watau sojansa na ƙasa. Labarin yana da daɗin ji, balle ga shi an san ƙasar Zuru da aikin soja tun zamanin Turawa, har ta fid da janar-janar, cikinsu da Ishaya Bamaiyi wanda ya shugabanci sojan ƙasa na Nijeriya daga 1996 zuwa 1999. Mai yiwuwa ne kuwa waɗansu kakanninsu sun yi wa Kanta yaƙi. Amma Kanta wajen 1516 ya tashi. Kafin nan fa? Ba su da suna, ba su da duwatsu, ba su da gonaki? Masana harsuna sun sa C'Lela cikin dangin da su ke kira harsunan Kainji, tare da harsunan Dukkawa da Fakkawa da Kambari da Acifawa da Kamuku, kuma nisan da ke tsakanin waɗannan harsuna ya fi abin da shekara 500 za ta iya haifarwa. Cikin C'Lela ɗin ma sun rarrabe karin Ribah da na Dabai da na Zuru. Watau bakin tsohuwa mai daka a Ribah yana ɗauke da shaidar zama a ƙasar nan wadda ta girmi ganuwar Surame. Mutumin da ya bar wannan ya rungumi labarin dakaru ya yarda ke nan tarihin kakanninsa ya fara ran da suka shiga hidimar sarkin wasu. Ina ɗaukaka a nan?

Cutar ba ta ƙasar Zuru kaɗai ba ce. A Karishen ta ƙasar Sakaba akwai labarin Kisira wanda ya zo daga Gabas, irin wanda a ke bayarwa a Busa da Illo. A Daura akwai Bayajida daga Bagadaza. In an bi garuruwa ana tambaya, kusan kowa daga Gabas ya zo. To, da suka zo, wa suka tarar? Wa ya nuna musu rijiya, wa ya ba su irin dawa? Mai cewa irin labarun nan haɗa kan jama'a su ke yi, ya tuna cewa labarin nan na Bayajida da ya haɗa Hausa Bakwai shi ne ya ware waɗansu ƙasashe bakwai ya laƙaba musu sunan Banza, cikinsu har da Kabi da Yawuri da Zamfara. An daɗe ana koya wa yaran ƙasashen nan su haddace wannan jeri, su rubuta shi ran jarrabawa, a ba su maki don sun kira ƙasarsu banza. Sa'ad da Abdullahi Smith na Jami'ar Ahmadu Bello ya yi rubutu a 1970 yana nuna labarin ba ya bayyana yadda ƙasashen Hausa suka kafu, Yusufu Bala Usman kuma ya bi da nasa bincike a kan Katsina, Daura ba ta rushe ba, rijiyar Kusugu ba ta ƙafe ba, masu ziyara ba su daina zuwa ba.

Kanta kansa ya isa misali. Kabawa suna cewa ubansa daga Gabas ya zo, uwarsa kuwa 'yar sarautar Katsina ce, ya tashi wajen Kuyambana yana kiwon shanun Fulani, ya yi suna wajen dambe. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kuwa, a cikin Infaƙul Maisuri, ya kawo zancen masu cewa bawan Fulani ne. Mai hankali ya ajiye biyun gefe da gefe, ya tuna Kabawa na son girmama kakansu, ya tuna kuma Bello ya yi rubutu ne ana cikin yaƙi da Kabi. Ko ɗan sarki ne ko bawa, shi ne dai ya fid da Kabi daga hannun Songai, ganuwar Surame kuma tana nan ba ta motsa ba. In ma bawa ne, ashe aikinsa ya ƙara girma.

Wani zai ce a bar kaza cikin gashinta, tonon silili ba ya kawo zaman lafiya. Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi da masu goyon bayan Lisa ke da ita, ba kuwa ta wofi ba ce. Tarihin ƙasar nan akwai ɗaci. Umaru Nagwamatse ya kafa Kwantagora a 1864, ɗansa Ibrahim ya yi ta kai hare-haren bayi ƙasashen Gwari da Kambari da maƙwabtansu har Turawa suka ci garin a 1901. Mahara ba su kan san hanyar dutse ba sai da ɗan jagora, ba a kuma kai bawa kasuwa sai da mai saye. Jikokin wanda aka kama da na wanda ya nuna hanya yau suna cin kasuwa ɗaya, wataƙila ma sun yi surukuta. Lalle maganar tana bukatar ladabi, ba kowace gaskiya ce a ke faɗa da lasifika ran biki ba. Da Lisa ta ce za ta jira biki ya watse sa'an nan ta kai shaidarta makaranta a gyara littafi, da ba wanda zai zarge ta. Abin da ta yi daban ne, ta tsaya gaban jama'a ta tabbatar musu da abin da ta san ƙarya ne. Ɓoyewa kuma ba ta kashe magana, sai dai ta bar ta hannun masu neman fitina. Kowane gida yana da nasa labarin da a ke raɗa wa yara da dare, ba mai gwada shi da na maƙwabci, har ran da za a yi gardamar kasuwa ko ta sarauta kowa ya zaro nasa kamar wuƙa. A Zangon Katab cikin 1992 maganar ƙaurad da kasuwa ce ta tashi, amma ƙarƙashinta akwai tsohuwar gardamar wa ya riga wa zama, wa ke da ƙasa, aka yi asarar rayuka masu yawa.

Abin takaici kuma, gaskiyar da a ke jin kunyarta sau da yawa ta fi ƙaryar da a ke ado da ita kyau. Yanzu da yawa cikin masu ilmi na ƙasar Zuru, Musulmi da Kirista, in an ambaci magiro, ko tukwanen da mata ke ginawa a ɗora bisa kaburbura, ko golmo, sai su kau da kai, wai abin duhun kai ne. Ba a ce kowa ya koma bautar kakanni ba. Amma saurayin da zai haɗa kai da tsararrakinsa su yi shekara bakwai suna noma gonar surukai kafin a ba shi mata, an koya masa haƙuri da riƙon alkawari da aikin gayya, kuma mai neman dalilin da ya sa mutanen nan suka yi fice a soja zai fi samunsa a kunyar golmo da filin kokawa da bikin Uhola, bisa ga labarin wani sarki na shekara 500. Mutanen da suka hau duwatsu suka tsare kansu daga mahaya dawaki ba su bukatar aron kaka daga Bagadaza.

Kada mai karatu ya zaci yaƙi a ke yi da tatsuniya. Hausawa tun da can sun raba tatsuniya da labari. Mai tatsuniya ya kan fara da ga ta nan ga ta nanku, ya rufe da ƙurunƙus, kowa ya san inda ya shiga da inda ya fita, ba kuwa wanda ya taɓa kai Gizo gaban alƙali ya yi masa shaidar gona. Labarin Kisira da na dakarun Kanta a rubuta su duka, yadda tsofaffi ke faɗinsu, ba ragi ba ƙari, gama su ma suna nuna abin da mutane ke so a ce da su, da zamanin da suka fara son haka. Laifin shi ne a tuɓe wa tatsuniya hularta a naɗa mata rawanin alƙali. Wanda ya yi karatun allo ya zarce ya ji yadda malaman Hadisi ke bin masu ruwaya ɗaya ɗaya, wane daga wane, su ce wannan ingantacce ne, wannan mai rauni, bai kamata a koya masa wannan daga katun ba. Ibn Haldun tun 1377 ya yi wa marubutan tarihi faɗa a kan kwasar kowane adadi da aka ba su ba su auna shi da hankali ba.

Lokaci kuwa ba ya jira. Wajen 2009 aka fid da darasin tarihi daga ƙananan makarantun Nijeriya, sai a 2022 Gwamnatin Tarayya ta yi bikin mai da shi, watau an yaye yara masu yawa ba su san ko sarautu biyar ɗin da suka haɗu suka yi masarautar Zuru ba, Dabai da Danko da Fakai da Sakaba da Wasagu. Ga kuma masifar 'yan bindiga. Cikin watan Yuni na 2021 sun afka wa ƙauyukan Danko da Wasagu, 'yan sanda suka ce an kashe mutum 88. Cikin Nuwamba na 2025 suka shiga makarantar 'yan mata ta Maga suka kwashi ɗalibai. In ƙauye ya watse ba hatsi da shanu kaɗai a ke asara ba. Tsohon da ya san wace tsamiya ce iyakar gonar wane, da wane dutse aka fara zama, yana kwance a zauren wani a Ribah ko Zuru, ba mai tambayarsa kome, ran da ya rasu kuwa sai takardar Di'o ta rage ita kaɗai. In an sami lafiya aka koma gida za a yi rabon gonaki da sarautu, da abin da aka rubuta za a yi shi.

Nan ne wanda ya fita ajin yaƙi da jahilci ya ke da aikin da ɗan jami'a ba zai iya ba, don shi ya san harshen, ya san gidajen, tsofaffi kuma ba su jin nauyinsa. Littafin rubutu ɗaya da alƙalami sun isa, in akwai waya mai ɗaukar murya to madalla. Ya rubuta sunan mai ba da labari, da garinsa, da gidan da ya fito, da ranar, da wanda shi kuma ya ji daga bakinsa. In ya sami labari biyu masu karo da juna kada ya zaɓi wanda ya fi yi wa gidansu daɗi, ya rubuta duka biyun. In da hali ya rubuta da harshen da aka faɗa, sa'an nan ya juya Hausa a ƙasa. Ya yi kwafi biyu, ɗaya ya zauna makarantar garin, ɗaya a nemi mai kai shi Arewa House a Kaduna ko gidan tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato, don kada ya zama mutum ɗaya ke riƙe da makulli kamar dattijon nan na Springfield. Kada kuma ya fara da fada, gama na fada an riga an rubuta shi tun zuwan Di'o. Ya fara da maƙera, da mafarauta, da tsofaffin soja, da Fulanin da suka daɗe suna kiwo a ƙasar, da tsofaffin mata masu ginin tukwane, waɗanda ba a kira su bariki ba ran nan.